Motar Da Ta Nemi Izini

Zamanin da ɗan Adam zai yi kuskure a kan hanya ya ƙare, kuma Injiniya ne ya rufe shi da hannunsa ranar da ya sayi sabuwar motarsa ta shiga daji. Ya sanar da haka a harabar kamfaninsa na haƙar rijiyoyin burtsatse, ya maimaita a gida, ya kuma yi wa likitansa bayani lokacin da likitan yake ƙoƙarin auna masa jini. Motar a-kori-kura ce mai gida biyu, tana da ido ɗaya a hancinta, wani a saman gilashin gaba. Ka faɗa mata gudun da kake so, ta riƙe. Ta tarar da wata mota a gaba, ta rage da kanta, ta bar tazara, ta bi ta a baya. Ta gaban ta tsaya, ita ma ta tsaya. A gangare ita ke taka wa kanta birki. Abin da ya rage wa mutum, in ji Injiniya, shi ne ya riƙe sitiyari ya yi tunani mai zurfi. Tun daga ranar ya daina bari kowa ya tuƙa shi.

A bayan wannan motar aka nemi famfo aka rasa.

Famfo ne irin wanda ake zurawa cikin rijiya, sabo fil a dogon kwalinsa, mallakar wata ƙungiya da ta ba kamfanin aikin samar wa wani ƙauye ruwa. An gama haƙa, an dasa tanki, famfon kaɗai ake jira. Injiniya ya kawo shi da kansa da yamma. Wakilin ƙungiyar yana tsaye, mutanen ƙauye sun kewaye wurin da bokitai. Mai haɗa wutar kamfanin, wanda kowa ke kira Shokin, ya kwance tampol ya yaye. Babu komai a ciki sai igiya.

Wakilin bai tsaya jin tarihi ba, ya kira 'yan sanda. Injiniya ya ba da bayaninsa a rubuce ya sa hannu: ya fito daga harabar kamfani tampol a ɗaure, bai tsaya ko'ina ba har ƙauyen. Sajan da ya karɓi bayanin mutum ne mai son magana ta zo masa a miƙe. Ya ce in mota ba ta tsaya ba, to ba a hanya aka sauke famfo ba; in ba a sauke shi ba, to tun farko ba a ɗora shi ba. Wa ke ɗora kaya? Mai Sito. Kafin rana ta faɗi Mai Sito yana bayan kanta. Sai daga baya Sajan ya ji cewa Mai Sito wan Injiniya ne, uwa ɗaya uba ɗaya. Amma kayan ba na Injiniya ba ne, balle ya ce ya yafe.

Washegari da safe aka miƙa wa Sufeto binciken. Mace ce da ta haura hamsin, gwiwarta ɗaya tana sanar da ita zuwan ruwan sama, motarta kuwa sai an tura take tashi, saboda haka ba ta da wani ra'ayi mai ƙarfi game da makomar sufuri.

Ta samu Mai Sito zaune a kan benci yana koya wa wani kurtu yadda ake cire tabon man inji daga kaki. Gajere ne, furfura ta gama da gemunsa. Ya ce shi ya ɗora famfon, shi da Maigadi, ya kuma ɗaure kwalin da igiya a jikin ƙarfen mota, ɗaurin da sai mutum ya zauna kafin ya kwance shi.

"Baba, in ka ɗora, a hanya aka sauke," in ji Sufeto. "Ƙanenka ya ce bai tsaya ba. Ɗayanku yana ƙarya."

"Ba ya ƙarya. Tun yana yaro bai iya ba."

"To kai ne?"

"Ni ma ban iya ba, ranki ya daɗe. Gidanmu ba a ba mu wannan baiwar ba."

Ta tambaye shi ko akwai wani abu game da hanyar da ya kamata ta sani. Ya ɗaga kai ya dubi silin kamar an rubuta amsar a can, sannan ya ce shi sito ya sani, bai san hanya ba. Ta tuna masa cewa in magana ta tsaya a haka kotu za a kai shi, kuma a shekarunsa gidan yari ba wurin shan iska ba ne. Ya ce ya ji. Da ta miƙe za ta tafi, ya roƙe ta in ta ga ƙanen nasa ta tuna masa ya sha maganin hawan jininsa bayan abincin rana, don in ba a tsaya a kansa ba mantawa yake.

A harabar kamfanin Maigadi ya rantse shi ya kama wa Mai Sito kwalin, har ya nuna mata inda kusurwarsa ta ƙuje masa hannu. Sajan ya riga ya watsar da wannan shaida saboda su biyun kwano ɗaya suke ci. Sufeto ba ta watsar ba, amma ta cire shi daga zargi: mutane da yawa sun gan shi a bakin ƙofa har yamma, yana musu da mai facin taya a kan ƙwallo. Ya ƙara da cewa babbar motar kamfani ce ta fara fita, Dogo yana tuƙi, Shokin a gefensa, sannan Oga ya bi bayansu, kamar kullum.

"Kamar kullum? Kullum akwai kayan da babbar mota za ta kai?"

Nan take Maigadi ya tuna bai yi shara ba.

Ta shiga siton. Ta ga sito da yawa a rayuwarta, amma ba ta taɓa ganin wanda aka ajiye kusoshi a cikin takalmin ruwa ba. Bututu a kan buhun siminti, buhun siminti a kan kujera, igiyoyi a cukurkuɗe a wani lungu kamar hanjin kaza. Ma'aikata sun ce Mai Sito yana iya zaro kowane abu ido rufe, kuma babu wanda ya isa ya gyara masa wurin. Daga nan ta je bayan motar Injiniya, inda igiyar take har yanzu ba a taɓa ta ba. An naɗe ta zagaye-zagaye, kowane zagaye daidai da ɗan'uwansa, an ɗaure tsakiyar da bakinta, an cusa ragowar a ciki. Ta daɗe tana kallonta. Duk wanda ya naɗe wannan igiya ba shi ne mai wancan siton ba.

Ta kira Dogo da Shokin ɗaya bayan ɗaya. Dogo tsohon direba ne, shi yake tuƙa Injiniya kafin zuwan sabuwar mota, yanzu an mayar da shi babbar mota. Wannan kaɗai ya isa dalilin ƙullaci, kuma ta ajiye hakan a ranta. Ya ce bututu suka kai, ba su tsaya ba. Yana magana yana kallon ƙafafunsa. Shokin matashi ne mai tsabta, da abin gwada wuta maƙale a aljihun gaba. Shi ma ya ce ba su tsaya ba, yana kallon tsakiyar idonta. Sufeto ta daɗe da daina yarda da ko ɗaya daga cikin alamun biyu.

Injiniya ya karɓe ta a ofishinsa idonsa jawur. Bai yi barci ba jiya, ya ce, tunanin Yaya ya hana shi. Ya san Yaya ba zai yi sata ba. Yaya ne ya riƙa goya shi a keke zuwa makaranta. Amma gaskiya gaskiya ce, kuma shi mutumin kimiyya ne: bai tsaya ba. Da ta tambaye shi game da motar sai fuskarsa ta ɗan saki. Ya yi mata bayanin idon da ke hancin mota, da yadda take jan sitiyari in mutum ya kauce wa layin kwalta, da yadda take sauka gangaren rafi ba tare da ya taɓa birki ba. Abu ɗaya ne ya ɓata masa rai: a makon farko ta riƙa nuna masa hoton kofin shayi a allo, wai ya gaji ya huta. Ya ce shi ba ya karɓar irin wannan magana ko daga matarsa, ya sa dillalin motar ya kashe wannan ɓangaren.

"Ban da wannan, mota ce mai ladabi," in ji shi. "Ko jiya, a cikin busasshen rafin nan, sai da ta yi ƙara ta nemi izinina kafin ta ci gaba. Na danna mata, muka wuce."

"Ta saba neman izini?"

"Jefi-jefi. Ta san wanda ke da ita."

Sufeto ta ce tana so ya kai ta ƙauyen, a motar, a daidai lokacin da ya tafi jiya. Ta kuma isar da saƙon Yaya game da magani. Ya buɗe aljihun tebur ya ɗauko kwalbar.

Bayan abincin rana suka fito. Dogo yana zaune a inuwa da kofi a hannu. Yana ganin Injiniya ya nufi mota da mukulli, ya dire kofin, ya haye babbar mota ya tayar. Ba wanda ya aike shi. Bayan motar kuwa wayam, ko guntun bututu babu. Maigadi ya buɗe masa ƙofa tun kafin ya nema, sai dai ya ƙi yarda su haɗa ido da Sufeto.

A kan kwalta Injiniya ya danna maɓalli a sitiyari, ya ɗage ƙafarsa daga totur, ya nuna mata ƙafar don ta shaida. Motar ta bi ta Dogo a baya kamar ɗan maraƙi. Ya ci gaba da lacca. Da suka bar kwalta suka shiga hanyar daji, laccar ta fara samun giɓi. Hanya ce miƙaƙƙiya da manyan motocin yashi suka haƙa wa kwari biyu tun damina, laka ta bushe ta riƙe su. Tayoyin suka faɗa cikin kwarin suka zauna daram, sitiyari yana ɗan motsi da kansa, hanyar ce ke tuƙa shi. Dogo ya rage gudu sosai, tasu ma ta rage. Injiniya yana tsakiyar bayani a kan makomar ɗan Adam ya dakata don zaɓar kalma. Kalmar ba ta zo ba. Sufeto ta juya ta dube shi. Hannayensa biyu a kan sitiyari, bayansa a miƙe, haɓarsa a kan ƙirji. Yana tunani mai zurfi, har da ɗan minshari.

Ta taɓa shiga gidan da ake harbi, amma a ranar ne ta tuna duk addu'o'in da kakarta ta koya mata.

Wata akuya ta gifta, Dogo ya tsaya, motarsu ta tsaya a bayansa a hankali. Akuya ta wuce, Dogo ya ja, tasu ta bi shi ba tare da ta nemi izinin kowa ba. Sufeto ta lura da wannan. Da suka gangara cikin busasshen rafin ta ciro wayarta ta kira Dogo, ta ce masa da murya ƙasa-ƙasa ya tsaya nan, kada ya motsa. Ya tsaya. Tasu ta tsaya. Ta buɗe ƙofa ta fita, ta rufe da ƙarfi da gangan. Ta zaga baya ta bubbuga jikin motar. Injiniya bai ko gyara zama ba.

Dogo ya sauko ya same ta, ya cire hularsa yana juya ta a hannu.

"Tun yaushe?" ta tambaye shi.

Ya ce tun da likita ya canza wa Oga magani. Wata rana ya yi sa'a yana gaba, ya duba madubi ya ga kan Oga ya faɗi, motar kuma tana biye da shi lafiya lau. Ya kai shi har ƙarshen kwarin a hankali, ya danna hon kamar yana korar dabbobi, Oga ya farka. Da ya gaya wa Mai Sito, tsohon ya je ya yi wa ƙanensa magana, Oga ya yi fushin da har gaisuwa ta tsaya a tsakaninsu. Daga nan Mai Sito ya tara ma'aikata ya kafa doka: duk ranar da Oga zai shiga daji bayan cin abinci, babbar mota ta riga shi fita, ko da kaya ko babu, kuma duk wanda ya bari Oga ya sani, shi da shi ne.

"Kun san da ya kauce daga kwarin nan da sai dai wani ba shi ba?"

"Mun sani, ranki ya daɗe. Shi ya sa nake tafiya kamar mai ɗauke da ƙwai."

"Jiya kun tsaya a nan."

Dogo ya ƙara juya hular. Ya ce sun tsaya. Shokin ne ya ce cikinsa ya murɗa, ya sauka ya zaga. Shi kuwa yana zaune a gaba, bututu sun toshe masa madubi, bai ga komai ba. Shokin ya daɗe kafin ya dawo. Da aka rasa famfo, Oga ya riga kowa cewa bai tsaya ba, a gaban mutanen ƙauye da wakilin ƙungiya. In shi Dogo ya ce an tsaya, sai a tambaya yaya aka yi Oga bai sani ba. Ya je caji ofis da safe ya roƙi Mai Sito ya ƙyale shi ya faɗa, tsohon ya ce in ya buɗe baki ba shi ba shi.

Sufeto ta bar shi ta bi gefen rafin. Ba ta yi nisa ba. A bayan wata duhuwar ƙaya, yashi ya riƙe shatin dogon abu mai kusurwa huɗu, kusa da shi kuma sawun tayar babur, ya zo ya koma. Ta ɗauki hoto. Dogo ya ce a kamfanin mutum ɗaya ne ke da babur.

Kafin ta koma mota ya roƙe ta, don girman Allah, in an samu famfon a bar maganar barcin. Ta ce za ta gani. Ta shiga ta zauna ta ɗaura bel, Dogo ya ja. Motar ba ta bi shi ba. Ta yi ƙara sau biyu, rubutu ya fito a allo. Injiniya ya buɗe ido, ya danna maɓalli, ya ce, "Kin gani? Ladabi," sannan ya ci gaba da maganar makomar ɗan Adam daga wani wuri da ba nan ya tsaya ba.

Samun famfon bai yi wuya ba. Masu sayen irinsa a garin ba su da yawa, kuma dukkansu sun san Sufeto fiye da yadda suke so. A shago na biyu ta same shi a ƙarƙashin tebur, an yage tambarin ƙungiyar daga jikin kwalin. Mai shagon ya ce wani mai haɗa wuta ne ya kawo shi a babur da sassafe, ya ce ragowar kayan aiki ne.

Da safe ta sa aka kawo Shokin ofishinta. Kafin ta tambaye shi komai ta miƙa masa wayar fanka da ta cukurkuɗe a ƙasa, ta ce ya taimaka ya kawar da ita kada wani ya harɗe. Yana sauraronta hannayensa suna aiki: zagaye-zagaye daidai wa daida, ɗauri a tsakiya, ragowar a cusa a ciki. Ta ɗauko igiyar ta ajiye kusa da wayar. Ya dube su, ya dubi hannayensa kamar sun ci amanarsa. Ta nuna masa hoton sawun babur, ta gaya masa abin da mai shago ya faɗa.

Shokin ba wawa ba ne. Ya ce haka ne, shi ya sayar, amma ba a hanya ya ɗauka ba. Mai Sito ne ya ba shi daga sito ya ce ya sayar su raba. Igiyar kuwa shi ya naɗe ta a harabar kamfani, suka jefa a mota don a ga kamar an ɗaure wani abu. Sawun babur a rafi, ai kowa yana bin rafin.

"Mota ba ta tsaya ba, ranki ya daɗe," ya ce a natse. "Oga da kansa ya rubuta ya sa hannu. Ko Oga ne ke ƙarya?"

Ta sa aka fita da Shokin, ta aika aka kira Injiniya da Dogo, ta ce Dogo ya jira a waje. Ta rufe ƙofa, ta ba Injiniya kujera mai kyau, ta jera masa abin daki-daki. Famfo ya fita daga kamfani a motarsa. Motar tana tashi da kanta in tsayuwa gajeriya ce, kamar ta akuya. Sai ta daɗe a tsaye take neman a danna mata. Saboda haka izinin da ta nema a rafi ba ladabi ba ne, shaida ce cewa ta daɗe a tsaye. A wannan tsayuwar Shokin ya kwance famfon ya ɓoye a bayan ƙaya, ya mayar da tampol, hannunsa kuma ya naɗe igiyar kamar yadda ya saba naɗe waya tun yana koyon sana'a. Ya koma da babur ya ɗauka. Bai ji tsoron a tona shi ba, don ya san duk kamfanin sun gwammace a kira su ɓarayi da su faɗi abin da ke faruwa a wannan hanyar.

"Me ke faruwa a hanyar?"

"Barci kake yi, Injiniya."

Ya ce wannan ƙazafi ne. Ya ce yakan lumshe ido in yana nazari, kowane mai aiki da ƙwaƙwalwa yana haka. Ta ce jiya a rafi ta fita daga motarsa, ta buga ƙofa, ta yi hira da Dogo, ta ɗauki hotuna, ta dawo. Ta tambaye shi ko ya ji buga ƙofar. Ya ce a kira masa Dogo.

Dogo ya shigo ya tsaya a bakin ƙofa. Injiniya bai dube shi ba, tebur yake kallo.

"Babbar motar da kullum nake tararwa a gabana. Ba dace ba ne?"

"A'a, Oga."

"Wa ya sa ka?"

"Yaya."

"Awakin nan da kake yi wa hon a ƙarshen kwari fa?"

"Babu awaki, Oga."

Sufeto ta sallami Dogo. Ta gaya wa Injiniya inda magana ta tsaya, ba tare da ta yi mata kwalliya ba. Ita jiya ta gan shi yana barci, ba shekaranjiya ba. Dogo ya riga ya yi ƙarya sau ɗaya a rubuce, lauya zai cinye shi ɗanye. Maigadi abokin cin tsohon ne. Muddin bayanin Injiniya na farko yana nan, labarin Shokin yana da ƙafar tsayawa, kuma Mai Sito zai shiga kotu tare da Shokin a matsayin abokin sata. In ya canza bayanin, za a karanta sabon a gaban alƙali, wakilin ƙungiyar zai ji, abokan kwangila za su ji, wataƙila ma a karɓe lasisinsa. Ko a karɓe ko kada a karɓe, ita ba za ta sake bari ya tuƙa kansa bayan shan magani ba. Ta ajiye farar takarda da biro a gabansa.

Ya tambaya ko ba za a iya rubuta cewa hankalinsa ne ya tafi wani wuri ba. Ta ce mutumin da hankalinsa ya tafi wani wuri yana jin ana kwance tampol a bayansa. Ya tambaya ko za a iya cewa laifin na'ura ne. Ta ce na'urar ta yi duk abin da aka ce za ta yi, har da kofin shayi.

Injiniya ya cire tabarau ya goge, ya mayar. Ya ja takardar. Mutum ne da ba ya rubuta wasiƙar da ba ta kai shafi biyu ba, amma wannan layi huɗu ya yi, ya sa hannu, ya tura mata. Ƙa'ida ce a karanta wa mai bayani bayaninsa da ƙarfi kafin a karɓa. Sufeto ta karanta a zuci, ta buga hatimi.

A waje an riga an miƙa wa Mai Sito hularsa da mukullan sito. Yana tsaye a rana yana ƙifta ido, kurtun nan yana riƙe masa da takalmi ɗaya yana nema masa ɗayan. Injiniya ya zo ya tsaya a gabansa. Tsohon ya dube shi sama da ƙasa, ya ce rigarsa ta yamutse, sannan ya tambaya ko an taɓa masa sito.

"Ba wanda ya taɓa, Yaya."

"To mu je."

Motar tana bakin titi tana ƙyalli. Injiniya ya miƙa wa Dogo mukullin ba tare da ya dube shi ba, ya buɗe wa wansa ƙofar gaba, shi kuma ya zaga ya shiga baya.